Tauraron ɗan adam na ganin ruwa tun daga Mundu, mu a Kusiri sai ya shigo ɗaki muke sani

Duk wanda yake bin labarin Tafkin Chadi ya taɓa cin karo da hotunan nan da ake jerawa tun daga 1963 har zuwa 2001, na farko shuɗi ya cika ko'ina, na biyu ya ragu, na ƙarshe ɗan ɗigo ne kawai ya saura a kudu. A ƙasa a rubuta cewa tafkin da ya kai murabba'in kilomita 25,000 ya rasa kashi 90 cikin 100 na ruwansa. Duk taron da aka yi a Njamena ko Abuja ko Paris sai an haska su a bango, manya su girgiza kai, a sha ruwan gora a tashi. Ni kam hotunan nan sun ishe ni, kuma ba wai don ƙarya ba ne, don an tsaya a kansu ne an ƙi matsawa gaba.

Abin da ya faru kowa ya sani, farin 1973 da na 1984 ya taɓa tafkin sosai, har ya rabu gida biyu, ɓangaren arewa wajen Gigime da Difa da ɓangaren kudu da muke ci a ciki, kuma na arewan ya sha bushewa ƙarƙaf a shekarun 1980. Wannan gaskiya ne, iyayenmu sun gani da idonsu. Amma tun daga wancan lokacin damina ta ɗan farfaɗo, ruwa ya dawo wurare da yawa, kuma a 2020 wasu masu bincike da suka haɗa da na cibiyar IRD ta Faransa suka fitar da sakamako cewa a cikin shekara 20 da suka wuce tafkin ba raguwa yake ba, ɓangaren kudu ma a tsaye yake. To me ya sa aka daɗe ba a gane ba? Saboda kyamarar tauraro ta yau da kullum launi take gani, in ruwa yana ƙarƙashin kachala da ciyawa sai ta ga kore, mai karanta hoton kuma ya rubuta cewa nan ƙasa ce. Masunci a Bulangwa da yake tura kwale-kwalensa da gora cikin wannan ciyawar kullum ya san ruwa ne har ƙirji, amma wa ya tambaye shi. Kamar a ɗauki hoton mutum ne ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi, ya warke ya koma kasuwa, amma shekara 30 ana yawo da hoton gida gida ana karɓar sadaka da sunansa.

Kuma kar wani ya ce ai gardamar masu boko ce ba ta shafe mu ba. Da waɗannan hotunan ake tallan Transaqua, shirin nan da wani kamfanin Italiya mai suna Bonifica ya fara kawowa tun shekaru aru-aru, wai a haƙa hanyar ruwa ta kilomita 2,400 daga kogunan Kongo a zuba a Shari. A taron Abuja na watan Fabrairun 2018 an sake tayar da maganar, ana ambaton dala biliyan 50. Shekara huɗu bayan nan, a 2022, ruwa ne yake cin gidajenmu. Matsalarmu a yau ba ƙarancin ruwa ba ne kawai, rashin sanin halinsa ne, bana ya zo ya wuce ƙima, baɗi ya tsaya a nesa, manomi bai san inda zai shuka masara ba idan ruwa ya ja, makiyayi bai san ranar da zai sauko ba. Wanda ya yarda tafki mutuwa yake yi zai nemi kuɗin haƙa, wanda ya gane hawa da sauka yake yi zai nemi a riƙa sanar da mutane da wuri, kuma na biyun ko kaɗan bai kai kuɗin na farko ba, wataƙila ma shi ya sa ba a cika sonsa ba, Allah dai ya sani.

Kar a fahimce ni baibai, ni ina cikin masu son wannan fasahar sosai. Mutane da yawa a nan suna ɗauka hoton sama sirrin sojoji ne ko kayan Turawa ne da sai ka biya miliyoyi, alhali ba haka ba ne. Amurka ta harba Landsat na farko a 1972, kuma tun 2008 suka buɗe duk tarin hotunan kyauta ga kowa. Turai na da Sentinel-2 tun 2015, yanzu kusan duk kwana 5 sai ya sake ɗaukar wuri ɗaya, kuma kowane ɗigo a hoton mita 10 ne a ƙasa, wato ba za ka ga saniya ba, ba za ka ga mutum ba, amma za ka ga gona, ka ga tabki, ka ga inda gari ya faɗaɗa. Akwai kuma Sentinel-1 mai aiki da rada, shi ba ruwansa da hadari ko dare, a tsakiyar Agusta da gajimare ya rufe sama shi yana ganin inda ruwa ya kwanta. Duk kyauta. Sannan tun da fitinar Boko Haram ta hana shiga tsibirai da yawa, ba malamin jami'a ba ma'aikacin gona da zai je ya auna komai a can, ido ɗaya da ya rage shi ne na sama. To wanda zai ce a yi watsi da wannan bai san abin da yake faɗa ba.

Damuwata ita ce ina labarin yake tsayawa. Ruwan da yake cinmu a Kusiri, garinmu na Kamaru da ke tsallaken kogi da Njamena, ba na samanmu ba ne, yawanci ma lokacin da yake isowa damina ta riga ta ɗauke a nan, rana ce tarwai. Ruwan Logon daga tudun Adamawa da ƙasar Afirka ta Tsakiya yake tasowa, ya bi ta Mundu, ya wuce Lai, ya zo Bongor da Yagwa, ya gangaro Logon Birni, sannan ya haɗu da Shari a gabanmu. Tafiyar makonni ce, shi ya sa sai Oktoba zuwa Nuwamba kogi yake kai ƙololuwa a nan. Ambaliyar da take ba ka makonni kafin ta iso ai rahama ce, ba irin ta mayo, wato busasshen rafi, a Marwa ba ce da za a yi ruwa da dare da asuba ta tafi da gada. Amma duk da haka a 2022 unguwannin Njamena irin su Waliya da Tukra da Ngeli suka nutse, unguwanninmu na wannan gefen ma haka, har ranar 19 ga Oktoba shugaban Chadi Mahamat Idriss Deby ya ayyana dokar ta-ɓaci, mutum sama da miliyan 1 abin ya shafa. A 2024 ya fi muni, kusan mutum miliyan 2 a Chadi, 576 suka rasu, ma'aunin kogi a Njamena ya haura mita 8, a Yagwa gada ta karye a watan Satumba. Duk wannan ana ganinsa daga sama yana tahowa. UNOSAT ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana fitar da taswirar inda ruwa ya mamaye, Google na da Flood Hub da ya haɗa da Kamaru da Chadi, ONACC a Yawunde na fitar da sanarwar yanayi duk kwana 10, AGRHYMET a Yamai na yin hasashen damina da na koguna kowace shekara. Ilimin yana nan.

To amma da wane yare yake, kuma a hannun wa? Takarda ce da Faransanci ko Ingilishi, mai nauyin da in ka ce za ka sauke ta da rezon Makari sai kiredinka ya ƙare ba ta buɗe ba, cike da launuka da lambobin da sai wanda ya yi jami'a. Tana zuwa ofishin ƙungiyoyin agaji, su kuma su ƙirga tanti nawa da buhun shinkafa nawa za a buƙata, wato an shirya wa bayan bala'in ba a shirya wa gabansa ba. Talaka kuma har yau hanyarsa ita ce ta da, ya kira ɗan uwansa a Bongor ya ce yaya kogi a wajenku, a ce masa ya taɓa gindin bishiyar nan ta bakin kasuwa, shi kuma ya yi lissafinsa. Kuma wallahi lissafin nan yana aiki, sau da yawa ya fi takardar amfani, don da yaren da mutum yake ji aka faɗa masa.

Abin da nake ganin ya kamata ba wani abu ne mai wuya ba. A samu mutum biyu uku a kowace meri, wato ofishin magajin gari, da aikinsu kenan daga Agusta zuwa Disamba, su karɓi bayanan nan su mayar da su magana, saƙon murya na minti ɗaya da Larabcin Shuwa, da Fulatanci, da Hausa, da Kotoko, da Musgum, a tura wa bulamomi da limamai da shugabannin masunta da na 'yan kasuwar kifi, ai kowa yana da guruf a WhatsApp yanzu, a kuma karanta a rediyo, kamar yadda Ndarason take watsa shiri daga Njamena da Kanuri da Kanembu da Buduma. Kuma kar a ce wa mutane mita 7 da ɗigo 80, wannan ba magana ba ce, a ce musu in aka ci gaba haka nan da Juma'a ta sama ruwa zai kai inda ya kai a 2022, masu gida bayan jinga su kwashe hatsi da awaki. Shikenan. Mutanenmu ba wawaye ba ne, in an faɗa musu da wuri sun san abin yi, matasa ma ai su suke kwana suna cika buhunan ƙasa ba tare da an biya su sisi ba.

Sai dai tauraro shi kaɗai ba ya isa, dole sai da sandar awo a bakin kogi da mutumin da zai riƙa karantawa safe da yamma yana turawa, don da wannan ne ake gyara lissafin kwamfuta. Kuɗin mota ɗaya ta furoje zai biya masu karanta awo da yawa na shekaru, amma motar ce ake gani a hoto, shi ya sa.

Akwai wani amfanin da ba a cika maganarsa ba kuma ni shi ya fi tsaya min a rai, wato maganar filaye. A shekarun fari ruwa ya ja baya, garuruwanmu suka faɗaɗa cikin kwari da tsofaffin hanyoyin ruwa, aka yanka fuloti aka sayar, mutum ya tara guminsa na shekara goma ya gina gida a inda kakanni suke kama tarwaɗa. Mai sayarwa ya sani, mai sa hannu ya sani, mai saye ne baƙo. Yau da waya a hannu ana iya buɗe hoton wurin na Nuwamban 2022 da na 2024 a gani ko ruwa ya kwanta a kai. Da ni ne da iko da na ce duk meri ta buga wannan taswirar babba ta manna a ƙofa, a kasuwa, a tasha, kowa ya ga unguwarsa. Na san za a yi ihu don farashin wasu filaye zai faɗi warwas, kuma masu filayen ba ƙananan mutane ba ne, to wannan ihun shi ne dalilin da ya sa ya kamata a manna.

Yanzu bari in zo inda nake jin tsoro, don abin nan yana da kaifi biyu. Ku dubi yayre, fadamar nan ta Logon da ta miƙe daga Maga zuwa Waza har ƙasa. Wuri ɗaya ne amma mutum uku ke cinsa a shekara. Lokacin da ruwa ya malala na masunta ne, idan ya ja ciyawa ta fito makiyaya su sauko da shanu daga nesa har daga Najeriya da Nijar, a gefe kuma mai masakwa, wato dawar rani, ya dasa a laka. In tauraro ya ɗauki wurin a Oktoba zai ce tabki ne, a Janairu ya ce makiyaya ce, a Afrilu ya ce fili ne fetal ba kowa. Wanne ne gaskiya? Duka. Amma wanda yake son hekta dubu don shinkafa, hoton Afrilu zai ɗauka ya kai Yawunde. Dokar filaye ta Kamaru ta 1974 kuma ta raba ƙasar da ba ta da takarda gida biyu, wadda ake ganin alamar hannun mutum ƙarara a kanta da wadda aka ce ba kowa a kai. Manomi yana barin kunya, mai gida yana barin katanga, makiyayi kuma me yake bari da za a gani daga kilomita ɗaruruwa a sama? Burtali da mashaya da wurin da ake sauka duk shekara tun kaka da kakanni duk a cikin kawunan mutane suke, ba su fitowa a hoto.

Kuma mun taɓa gani. A 1979 aka gama dam ɗin Maga don shinkafar SEMRY, kamfanin noman shinkafa na gwamnati, aka tare ruwan da yake malala cikin yayre, ciyawa mai kyau ta mutu, kifi ya ragu, namun dajin Waza suka wahala, mutane suka watse. Sai a 1994 aka buɗe wata hanyar ruwa aka mayar da wani ɓangare, kuma aka ga wurin ya farfaɗo. Waɗanda suka tsara dam ɗin su ma da taswira suka yi aiki, tsaf da ita, abin da babu a cikinta shi ne mutanen da suke ƙasa da dam ɗin.

Rikicin Logon Birni na 2021 har yau ciwonsa bai warke ba, a Agusta aka fara, a Disamba ya sake tashi daga Ulumsa ya iso har cikin Kusiri aka ƙona kasuwar shanu, hukumar 'yan gudun hijira ta ce mutum 44 suka mutu, ƙauye 112 suka ƙone, dubun dubata suka tsallaka Chadi. Ba zan ɗora wa kowa laifi ba, Musgum da Larabawan Shuwa duk maƙwabtanmu ne, duk muna cin kasuwa ɗaya. Amma asalin abin kowa ya ji, ramuka da hanyoyin ruwa da masunta suke haƙawa don tare kifi, shanu kuma suna faɗawa ciki a hanyar mashaya. Waɗannan hanyoyin ba dare ɗaya aka haƙa su ba, shekara da shekaru suna ƙaruwa, kuma dogaye ne, hoto mai kyau yana nuna su. Da an zaunar da dattawan ɓangarorin biyu gaban hoto ɗaya tun kafin jini ya zuba, kowa ya sa yatsa ya ce nan ne hanyar shanunmu, nan ne ramin kifinmu, a bar mashiga a nan da nan, ban ce da ba a yi faɗa ba, amma da an samu abin riƙewa da ya fi rantsuwa da ƙaryata juna a gaban sufurefe, wato wakilin gwamnati a yankin.

An ma gwada irin haka a Chadi. Hindou Oumarou Ibrahim, Bambororiya ce, a 2012 a Baibokum ta tara makiyaya da manoma suka gina taswirar yankinsu da hannu, mai tudu da kwari, maza suka sa koguna da hanyoyin shanu, mata suka zo suka ƙara inda ake samun ruwa da itatuwan magani da na abinci waɗanda mazan ba su ma tuna da su ba. Irin wannan nake nufi. Hoton sama ya zama tabarmar da ake zama a kai, mutanen wurin su cika abin da ido bai gani ba, kuma kwafin ya zauna a hannunsu, ba wai baƙo ya zo ya kwashi sanin tsofaffi ya tafi da shi a kwamfuta ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Mu Hausawan bakin tafki ma mun san abin da layi a takarda yake yi. Da ruwa ya ja a shekarun fari masunta suka bi shi, aka kafa Darak da ƙauyukan kewaye a wurin da da ruwa ne, Najeriya ta riƙa mulkin wurin, sai a Oktoban 2002 kotun duniya ta Heg ta duba takardun Ingila da Faransa na zamanin mulkin mallaka ta ce ƙasar Kamaru ce, a ƙarshen 2003 aka miƙa. Mutum bai motsa daga gidansa ba ya kwana a wata ƙasa ya tashi a wata. Kifi kuma har gobe ba ya tambayar iyaka, hukumar tafkin CBLT da aka kafa tun 1964 ita ya kamata ta riƙa fitar da taswirar ruwa ɗaya kowane wata ga duk ƙasashen, wadda mai banda a Darak da na Baga da na Bol za su gani iri ɗaya.

Maganar itace kuwa a taƙaice, shafukan da suke bin sare daji a duniya an gina su ne don manyan dazuzzuka irin na kudu, gawo ɗaya a tsakiyar gona ko aduwa da bagaruwa a warwatse ba su cika shiga lissafinsu ba, don haka a yi hattara da wanda zai zo da taswira ya ce nan ba bishiya ko nan an shuka miliyan kaza. Chadi ta hana gawayi tun 2009 amma duk wanda yake zaune kusa da gadar Ngeli ya san tukunya ba ta daina tafasa a Njamena ba, kuma ya san daga wane gefen kogi wani ɓangaren gawayin yake fitowa. Duk furojen dashen bishiya da aka ƙaddamar da kiɗa da rawa, a koma bayan shekara 5 a buɗe hoton wurin a gani, kafin a ba da kuɗin zagaye na biyu.

Masu yin aikin kuma muna da su. Jami'ar Marwa da aka kafa a 2008 tana yaye yara da suka karanta labarin ƙasa da muhalli, haka jami'ar Njamena, da yawansu suna tuƙa moto ko sayar da kiredi a bakin titi. Manhajar QGIS kyauta ce, OpenStreetMap kowa na iya ƙara unguwarsa da rijiyarsa da makarantarsa a ciki. Abin da yake hana su biyu ne, kuɗin intanet da tsoro, don a yankinmu yaro ya tsaya bakin kogi yana danna waya yana ɗaukar alamar wuri, kafin ya yi bayani jandarma ya riga ya karɓe wayar, kuma da halin tsaron da ake ciki ba za ka ce jandarman bai da hujja ba. To meri ta ba su takarda mai hatimi da sufurefe ya sa wa hannu, a kai su gaban bulama da komandan wurin a gabatar da su kowa ya san fuskarsu, a sa musu ɗan abin kiredi da na man moto a kasafin shekara, su fara da unguwannin bayan jinga tun watan Yuli kafin ruwan Mundu ya taso.